Kaset na Shekarar Yunwa

Falalu yana ɗaure jakinsa bayan la'asar ne ya ji maganar. Rediyon yana rataye a jikin darni, inda matarsa Rakiya take ajiye shi in za ta yi daka.

Mai sanarwa ya ce jibi Hajiya Zuhura Mussa za ta cika kwana arba'in da rasuwa. Saboda haka gidan rediyon da ta yi wa aiki a Matameye zai yi kwana uku yana saka tsofaffin kaset ɗinta. Za a fara da na shekarar yunwa, wanda ta ɗauka a ƙauyukan Dawce. Za a saka shi tun daga farko har ƙarshe, ba za a taɓa komai ba.

Igiya ta kuɓuce wa Falalu. Jakin ya kama hanyar rumbu, shi kuwa yana tsaye.

"Malam, jakinka," in ji Rakiya.

"Na gan shi."

Ba wanda bai san Zuhura ba a ƙasar Kance. Shekara talatin ta yi tana magana a rediyo. Ita ce mace ta farko da aka gani a kan moto, wato babur, tana ratsa yashi, rikoda a rataye a wuya, mayafi ɗaure a ƙugu. Da farko maza sun yi ta guna-guni, daga baya su ne masu tare ta a hanya don ta faɗi raƙuminsu da ya ɓata. Yaron da ya ɓace ranar kasuwa, ita ke kiran uwarsa. Rijiyar da ta rufta, ita ke yi ta faɗa har a zo a gyara. Tana da wata al'ada da ba a san kowa da ita ba: in ta ɗauki maganar mutum, ba ta tashi sai ta mayar masa ya ji da kunnensa, sannan ta tambaye shi, "Ka yarda?"

Falalu ma ta taɓa yi masa wannan tambaya, shekara ashirin da suka wuce.

A garinsu an san shi da abu ɗaya: rumbunsa ba ya ƙarewa. Haka aka san ubansa. A shekarar da fara ta bi bayan fari, rumbun ya ƙare tun kafin ruwan shuka. Bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai ya jingina tsani, ya hau, ya buɗe murfi, ya zura kai cikin rumbun da babu ko ɓera, ya sauko da abu ƙunshe a buhu. Kara ne a ciki. Maƙwabta suna kallo suna cewa gidan Falalu dai sai hamdala.

Abin da ake ci a gidan kuwa daga wani wuri yake fitowa. Yakan yi sammako da ƙaramar fartanya cikin riga, ya yi nisa inda ba a san fuskarsa ba, ya tona gidan tururuwa, ya kwashe ƙwayar da suka tara. Ya kawo ya ce saye ya yi. Rakiya tana sheƙewa tana tsince jar ƙasa da kawunan tururuwa, ba ta taɓa cewa komai ba, shi ma bai taɓa tambayarta ba.

A bakin irin wannan rami Zuhura ta same shi. Motonta ne ya mutu a yashi, ta turo shi, sai ga mutum a durƙushe, hannu cikin rami har gwiwar hannu. Ta yi sallama. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta cire takalmi, ta tsugunna, ta kama taya shi tsince ƙwaya tana zubawa a hularsa. Sai da hular ta yi rabi ta dafa rikodarta ta ce, "Malam, in kunna?"

Har yau bai san abin da ya sa ya ce ta kunna ba. Ya faɗi rumbu, ya faɗi tsani, ya faɗi buhun kara. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Daga nan murya ta karye, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne uban.

Da ya gama ta mayar da kaset baya. Ta zarce kaɗan, sai muryar wata mata ta fito tana dariya tana cewa, "Ki gaya wa na sama, hanjinmu ya koma kore don cin ganye." Bayanta sai shi. Ya saurari kansa har zuwa wurin kukan.

"Ka yarda?"

"A'a."

"To, a'a."

"Ba ni kaset ɗin."

"Akwai mata goma sha ɗaya a ciki, da makiyayi biyu. Su sun yarda. Nasu ba naka ba ne, Malam."

"To yaya ke nan?"

"Muddin ina numfashi ba wanda zai ji ka."

Ta kuwa cika. An saka shirin a wancan lokaci, aka yi ta maimaita shi, ba a ji shi ba. Sun sha haɗuwa a kasuwar Matameye, ta gaishe shi yadda take gaida kowa, ko da ido ba ta taɓa nuna ta san wani abu ba. Amma ga shi numfashin ya ƙare. Shi a ganinsa ta riƙa tsallake wurinsa ne da yatsa in za ta saka. Yanzu kuwa wani ne zai danna, ya koma gefe ya zauna.

Shi ne yanzu mai riƙe da makullin bankin cimaka, inda garin ke ajiye hatsi. An ba shi ne don an ce mutumin da bai ji yunwa a waccan shekara ba, shi ya san yadda ake tsimi. Shi ke yi wa samari faɗa in sun kai hatsi kasuwa tun da kaka. Surukansa uku suna cire takalmi tun daga ƙofar gida. Jibi dukansu za su taru a gindin itacen bedi da rediyo.

Washegari ranar kasuwa ce. Ya saka babbar riga, ya ce wa Rakiya zai je duba farashin akuya.

"Akuyar wa?"

"Ta mutane."

"To, a gaida akuyar," ta ce, ta miƙo masa sandarsa.

Motar kasuwa ta ɗauke su, su goma sha tara, da tumaki a sama. Duk hanya zancen Zuhura ake. Wata ta ce ita ta sa aka daina korar mata masu naƙuda daga layin asibiti. Direba ya ce ta taɓa zaginsa a rediyo saboda lodi, ba ta faɗi sunansa ba, amma har uwarsa ta gane. Aka yi dariya. Falalu bai yi ba.

Gidan rediyon ɗaki uku ne da dogon ƙarfe a tsakar gida. A ƙofa wani mai furfura a gemu yana hura gawayi zai dafa shayi. Shi ne Hashimu, mai kula da injuna.

"Ina babbanku?" in ji Falalu.

"Darakta ya tafi Damagaram, Baba. Sanarwa ce? Me ya ɓata, jaki ko mata?"

"Wa ya haife ka?"

"Allah ya huci zuciyarka. Bushra! Ga baƙo, kuma da zafinsa ya zo."

Wata mata ta fito, shekarunta ba su fi talatin da biyar ba. Da ta buɗe baki ta gaishe shi sai ya ji muryar Zuhura ce sak. Ita ce 'yar Zuhura, kuma ita ta gaji shirinta. Ya yi mata gaisuwar rashi yadda ya kamata. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Ya sha, ya ajiye kwanon.

"Kaset na shekarar yunwa. Ba za ku saka shi ba."

"Me ya sa, Baba?"

"Na ce."

"Ko waƙa ka yi wa budurwa a ciki?" in ji Hashimu daga bakin murhu. "In ita ce, mu ma muna so mu koya."

"Hashimu, don Allah," in ji Bushra. Ta juyo. "Baba, an riga an yi sanarwa. Matan da ke ciki, rabinsu sun rasu. Tun jiya 'ya'yansu suke kira. Wani ya ce tun yana goye rabonsa da muryar uwarsa. Me zan ce musu?"

Falalu ya dubi sandarsa.

"Kana ciki ne?" ta tambaya a hankali.

Ya kau da kai.

"Mu ma ba mu saurare shi ba tukuna, yau za mu juye shi a na'ura. Zo mu ji tare. Inda ka ce a cire, a cire."

"Kafin a cire ai kin ji."

"Sai ka ɗaga hannu in ka ji an kusa, in tsayar, in fita."

"Fita tun yanzu."

"Rikodar ta tsufa, tana cin kaset. In na bar ka da ita ta tauna shi, muryar mutum goma sha ta tafi."

Ya nuna Hashimu da haɓa. "Wancan dai ba ya shiga."

"Ni da shayina," in ji Hashimu. "Ko an roƙe ni."

Ɗakin ƙarami ne, an manna kwalin ƙwai a bango. Kaset suna jere a kwali-kwali, kowanne da rubutun hannun Zuhura. Bushra ta zaro ɗaya, ta hure ƙura, ta saka, ta danna.

Iska ta fara fitowa, da kukan zabi. Sai Zuhura ta yi sallama, da ƙuruciyarta, tana haki kamar ta sha tafiya. Bushra ta sunkuyar da kai.

Wata tsohuwa ta faɗi yadda ake jiƙa anza kwana biyar ana zubar da ruwa kafin ɗacin ya ragu. Zuhura ta ce a ba ta ta ɗanɗana, aka ji ta tofar, mata suka kwashe da dariya. Wani makiyayi ya lissafa shanunsa da suka mutu, kowace da sunanta, Zuhura ba ta katse shi ba har ya kai ta ƙarshe. Wata ta ce mijinta ya tsallaka iyaka neman abinci wata uku, in yana ji ya dawo ko hannu wofi. Zuhura ta sa ta maimaita sunansa sau biyu.

Falalu yana zaune a miƙe, hannu biyu a kan sanda. Sai ya lura da abin da bai lura da shi ba a da: matar nan ba ta cika magana ba. Tambaya ɗaya, sai ta yi shiru ta bar mutum. Haka ta yi masa.

Sai ga dariyar da ya sani. "Ki gaya wa na sama, hanjinmu ya koma kore don cin ganye."

Ya ɗaga hannu.

Bushra ba ta gani ba. Ta rufe fuska da gefen mayafi tana share hawaye.

"Ke!" ya ce. Ya yunƙura zai tashi, sanda ta faɗi.

Rikoda ta yi ƙas. Sai muryar wani Bafillace ta fito yana cewa akuyarsa ta ci tsumma.

Bushra ta tsayar a firgice. "Yi haƙuri, Baba. Nan ne? Kai ne wannan?"

"Na yi miki kama da mai akuya? Mayar baya."

Ta mayar. Matar ta yi dariya, ta faɗi hanjinta. Ƙas. Bafillace.

"Sake."

Ta sake. Haka dai.

"Juya ɗaya gefen."

Suka saurari ɗaya gefen har ƙarshe, rabin awa cur. Mata, rijiya, wani liman, kukan jariri, Zuhura tana sallama. Babu tsani, babu rumbu, babu Falalu ɗan kowa.

Ya jingina da bango. Ya ce alhamdu lillahi a ciki, sannan ya faɗa a fili.

Bushra ta ciro kaset ɗin. Ta zura biro a ramin tana juyawa, tana kallon zaren a hasken taga, har ta tsaya. An yanke zaren a karkace, an haɗa shi da ɗan guntun salatif, tsaf kamar ɗinkin tela.

"Ashe," ta ce. "Ina zuwa."

Ta dawo da gwangwanin madara, tsoho, fentinsa ya goge. Ta buɗe a gabansa. Cike yake da tsinken ashana, kowane an naɗe shi da zaren kaset an ɗaure da zaren ɗinki, wani ja, wani baƙi, wani fari. Wasu sirara ne, wasu sun yi kaurin yatsa.

"A cikin akwatinta na samu. Ina yarinya nakan gan ta a gida da reza da faranti tana wannan aiki. Na taɓa kai hannu ta buge ni. Na ce mene ne, ta ce na mutane ne. Duk wanda ya ce a'a, ba ta kwana da maganarsa a kaset."

"Me ya hana ta zubarwa?"

"Ta ce ba ta jefa muryar mutum a shara. Kuma wataƙila wata rana mai ita ya dawo ya ce ya yarda."

"An taɓa dawowa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Wanne ne..." Ya haɗiye sauran.

"Babu suna ko ɗaya. Ita kaɗai ta san na wane da na wane."

Falalu ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin. Tsinken sun fi ɗari. Shekara ashirin yana zaton shi kaɗai ne a ƙasar nan ya buɗe baki ya yi abin kunya a gaban mace. Ya tuna manyan mutanen da yake gani a kasuwa, masu rawani, masu carbi, masu yi wa na ƙasa tsawa. Wani abu ya taso masa, ya ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Ya danne ta.

Suka fito tsakar gida. Hashimu ya leƙa gwangwanin, ido ya buɗe.

"Kai! Wannan ai tarihi ne. Ku ba ni kwana biyu in haɗa su."

"Haɗa bakinka," in ji Falalu. Ya dubi Bushra. "Ajiyar uwarki ce, ke kika gada. Amma ita ta san masu su. Ke ba ki sani ba. Kuma ke ma wata rana wani zai buɗe akwatinki."

Bushra ta riƙe gwangwanin a ƙirji. Can ta ce, "Hashimu, sauke butarka."

"Shayin bai nuna ba."

"Sauke."

Ta juye gwangwanin a kan garwashi. Zaren ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya narke. Tsinken ashana suka kama da wuta. Wari ya cika gidan.

"Shi ke nan," in ji Hashimu yana fifita hanci. "Kun kashe tarihi, kun kashe shayi."

Falalu bai matsa ba sai da ya ga toka. Ya sa bakin sanda ya motsa ta, ya tabbata.

Zai tafi Bushra ta ce, "Baba, muna ɗaukar maganar waɗanda suka san ta. Ko kalma biyu."

"Ni ba na magana a rediyo."

"Na sani."

Ya tsaya a ƙofa, baya gare ta. Sannan ya juyo. "Kunna."

Ta miƙo masa salula a bakinsa. Ya gyara hula.

"Ni ne Falalu, daga ƙasar Dawce. Na san Hajiya Zuhura. Na ba ta ajiya shekara ashirin. Yau na zo na tarar ba ta taɓa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Wace irin ajiya, Baba?"

"Kashe."

Ta kashe. Ta mayar masa ya ji. Muryar tsoho ce, busasshiya, ba ta rawa.

"Ka yarda?"

"Saka."

Da ya koma gida Rakiya ta tambayi farashin akuya. Ya ce akuya ta yi tsada, ba ta sayuwa. Ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari, abin da rabonsa da yi tun bara. Ta ƙaro masa, da miya mai yawa.

Ranar arba'in maza suka taru a gindin bedi. Falalu ne ya kawo rediyo, da sabon batir. Ya zauna a gaba, surukansa a bayansa. Aka fara da maganar waɗanda suka san ta. Da aka zo tasa, Kabiru, mijin babbar 'yarsa, ya matso.

"Baba, ashe kun san juna? Me ka ba ta?"

"Kai ma in kana da abin ajiyewa, da ka nemi irinta."

Kabiru ya koma wurinsa.

Aka saka kaset. Tsohuwar anza ta yi magana, wani a cikin taron ya ce wallahi gwaggonsa ce, ya rufe fuska da hula. Makiyayi ya kira shanunsa. Falalu ya fasa goro, ya miƙa wa na kusa da shi rabi. Matar nan ta yi dariya, ta ce a gaya wa na sama. Ya ƙara murya.

Ƙas.

"Kaset ɗin ya yi tsalle," in ji Kabiru.

"Tsufa ne," in ji Falalu yana tauna goronsa. "Yi shiru mu ji mai akuya."